Babi na Shida: Me Ya Hana A Ajiye Ƙoda A Firiza?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san wannan tambaya. Takan taso ne a kan benci, a bakin ɗakin wankin ƙoda, bayan 'yan uwa sun gaji da lissafin kuɗi da na kwanaki. Naman layya ana zuba shi a firiza a yi wata uku ana ci. Kifin ƙanƙara da ake sarewa a Kasuwar Kure ta Minna daga tekun wata ƙasa mai nisa ya taso, ya yi watanni a hanya, kuma bai ruɓe ba. To me ya hana likitoci su yi wa ƙoda haka? Me ya sa ba a gina rumbu ba, a tara ƙoda da hanta da zuciya, duk mai bukata a buɗe a ɗauko masa?

Tambayar tana kan hanya, kuma ita ce ta hana masana da yawa barci fiye da shekara saba'in. Gajeriyar amsa ita ce: abin da ake nema wurin kifi shi ne kada ya yi wari kafin ya shiga tukunya, amma ƙoda ana so ne ta farka ta kama aiki a jikin wani mutum. Tsakanin waɗannan bukatu biyu akwai tafiya mai nisa.

Agogon da ke cikin kula

A yau, idan aka cire ƙoda don dashe, ana wanke jininta da wani ruwan magani mai sanyi, a sa ta cikin leda mai tsabta, a ɗaure, a ƙara wata ledar, sannan a kwantar da ita cikin kula mai ƙanƙara. Kular ba ta da wani bambanci mai yawa da ta masu sayar da zoɓo. Sanyin da ake so shi ne wajen digiri 4, wato sanyin firji, kuma ana kiyayewa ƙwarai kada ƙodar ta daskare.

Dalilin sanyin shi ne rage wa tsoka ci. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana bukatar iska da abinci daga jini. Da zarar an yanke jijiya, sai ta koma cin abin da ta tara, dattinta kuma ya rasa mai kwashewa. Duk lokacin da zafi ya sauka da digiri goma, wannan ci yakan ragu da kusan rabi. Yakan ragu ne kawai, ba ya tsayawa. Shi ya sa kowane sashe na jiki yake da wa'adinsa: zuciya awa huɗu zuwa shida, huhu shida zuwa takwas, hanta wajen awa goma sha biyu, ƙoda kuwa, wadda ta fi su juriya, kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

A auna wannan da hanyoyinmu. Daga Minna zuwa Abuja kilomita 150 ne ko kusa da haka, kuma duk wanda ya bi ta Suleja ya san ba a yi wa wannan hanya alkawarin lokaci. Awa shidan zuciya kuwa har da lokacin da likita zai ɗauka yana ɗinke jijiyoyi. Zuciyar da aka cire a Minna ba za ta isa Kano a mota da sauran amfani ba.

A Najeriya wannan agogo bai cika tayar da hankali ba tukuna, saboda yadda ake yin dashen. Tun daga aikin farko a Asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002, ƙodar daga jikin mai rai take fitowa: wa, ko ƙanwa, ko ɗa. Ana kwantar da mai bayarwa da mai karɓa a lokaci guda, ƙodar ta yi tafiyar taku kaɗan daga wannan gado zuwa wancan. Wanda ba shi da ɗan uwan da jininsu ya dace, sai ya ci gaba da wanki, in da hali sau uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu.

Abin da ƙanƙara ke yi wa tsoka

To tunda sanyin firji yana ba da kwana ɗaya, me zai hana a ƙara sanyin a sami shekara? Amsar tana cikin kicin. A saka ɗanyen tumatir a firiza, a fito da shi bayan kwana biyu a bari ya narke. Zai saki, ya zama taɓo, ruwa na tsiyaya daga jikinsa. Miya za ta yi da shi, amma tumatir ɗin da aka saka ba shi aka fitar ba.

Ruwa yana da wata ɗabi'a: idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi tara cikin ɗari, shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil take fashewa a firiza. Kuma ba dunƙulewa yake yi kamar man shanu ba, tsinaye yake fitarwa masu kaifi. Ƙoda kuwa mafi yawanta ruwa ne.

Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan, kuma kowane yaro da ya taɓa tsotsar zoɓon ƙanƙara a leda ya gan ta da idonsa. Farkon tsotso zaƙi ne zalla, ja wur. Can sai a duba leda a ga saura farar ƙanƙara, ba launi ba ɗanɗano. Abin da ya faru shi ne ƙanƙara ruwa tsantsa take ɗauka, ta ture sukari da launi gefe, su taru cikin ɗan ruwan da ya rage. Haka take yi a cikin tsoka. Idan ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halitta ya fara daskarewa, gishirin jiki sai ya taru a ɗan abin da ya saura, ya yi kauri ninkin-ba-ninkin. Wannan ruwan gishiri sai ya zuƙo ruwan cikin ƙwayar, kamar yadda gishiri ke zuƙe ruwan ɗanyen nama. Ƙwayar ta yamushe ta mutu.

Sai mutum ya ce, to a daskarar da sauri mana, kafin gishirin ya yi aikinsa. A nan ma akwai tarko. Idan sanyi ya sauka da gaggawa, ruwan cikin ƙwayar ba ya samun damar fita, sai ya daskare a inda yake, tsinayen su yayyaga ta daga ciki. Wani masani a Amurka, Peter Mazur, shi ya fayyace wannan tsaka mai wuya: a yi a hankali gishiri ya kashe, a yi da sauri ƙanƙara ta kashe. Ga yawancin ƙwayoyin jikin mutum, matsakaicin da aka gano shi ne a riƙa sauke zafi da digiri ɗaya a kowane minti.

Ma'aikatan rigakafi da ke yawo da kula a ƙauyukan Jihar Neja sun san wani ɓangare na wannan darasi. Ɗigon shan inna yana jure firiza, amma allurar ciwon hanta idan ta daskare ta lalace, sai zubarwa.

Kwalbar da aka yi wa kuskuren suna

Ƙofar farko ta buɗe ne a Landan a 1949, kuma da ɗan rabo a ciki. Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suna ƙoƙarin daskarar da maniyyin zakara, suna gwada ruwan sukari, abin ya ƙi. Wata rana suka ɗauko wata kwalba daga kanta suka yi amfani da ita, da suka narkar sai ga maniyyin yana motsi. Da aka bincika ragowar abin da ke cikin kwalbar, ashe takardar sunan ce ta rikice: gilisarin ne a ciki, irin wanda mata ke haɗawa da man shafawa lokacin hunturu.

Gilisarin yana ratsawa cikin ƙwaya, ya riƙe ruwa ya hana shi saurin zama ƙanƙara, ya kuma tsarma gishirin. Cikin 'yan shekaru aka haifi maraƙi daga daskararren maniyyin sa, kuma kiwon shanu a duniya ya canza daga nan. A 1959 aka gano wani sinadarin mai irin wannan aiki, DMSO, wanda har gobe shi ake sa wa ƙwayoyin ɓargo.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Arewa. A Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, an daɗe ana yi wa shanu barbara da hannu. Ana zuba maniyyin zaɓaɓɓen sa cikin 'yan siraran tsinkaye na roba, kowanne bai kai rabin ƙaramin cokali ba, a jera su cikin wata tukunyar ƙarfe mai kama da ƙaton filas ɗin shayi. A cikinta akwai ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Idan ma'aikaci ya ɗaga murfin, farin hayaƙi ne ke malalowa ta gefen tukunyar ya bi ƙasa. Da hantsaki yake zaro tsinke ɗaya, don yatsa ba ya shiga wurin, ya tsoma shi cikin ruwan ɗumi na ƙasa da minti ɗaya. Abin da ya shekara a daskare sai ya motsa, saniya ta ɗauki ciki.

A irin wannan sanyi komai na rayuwa yakan tsaya cik. Babu ci, babu ruɓewa, babu tsufa. Tukunyar kuma ba ta bukatar lantarki. Abin da take bukata shi ne a riƙa ƙara mata ruwan naitirojin kafin ya ƙafe.

Abubuwan da suka riga suka haye

Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda a firjin asibiti ba sa wuce kwana 35 zuwa 42, idan aka sa musu gilisarin aka daskarar sukan kai shekara goma. A 1984 aka haifi yarinya a Melbourne ta Ostareliya daga ɗan tayin da aka ajiye a naitirojin. A 2022 wata mata a Amurka ta haifi tagwaye daga 'yan tayin da aka ajiye tun 1992.

Wanda ya fi shafar mu shi ne ƙwayoyin da ke haifar da jini, waɗanda ke zaune a ɓargo. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai 150,000 a shekara, kuma dashen ɓargo na iya raba mutum da cutar. An yi na farko a ƙasar nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Irin waɗannan ƙwayoyi suna nan jingim cikin jinin cibiya, wanda a gidajenmu ake binnewa tare da mabiyiya. A 1988 aka tari jinin cibiyar wata jaririya a Amurka, aka daskarar, aka ɗauke shi a jirgi zuwa Faris, inda Dakta Eliane Gluckman ta ɗura wa wan jaririyar mai fama da wata cutar ɓargo. Ya warke.

Ranar irin wannan ɗuri, ana kawo jakar ƙwayoyin ne a daskare har kusa da gadon majiyyaci, a narkar da ita cikin ruwa mai ɗumin jiki, a rataye kamar ƙarin jini. Ma'aikatan jinya sun san alamar ranar: warin tafarnuwa da ke fitowa daga numfashin majiyyacin, wanda DMSO ke haddasawa, ya kwana ɗaya ko biyu a ɗakin.

Inda ƙoda ta bambanta

Duk abubuwan da aka lissafa ƙanana ne, kuma a warwatse suke cikin ruwa. Magani yana isa ga kowace ƙwaya nan take, sanyi ma haka. Idan kashi goma cikin ɗari suka mutu, sauran za su yi aikin.

Ƙoda gini ce. Nauyinta wajen giram 150, a cikinta akwai matatai kusan miliyan ɗaya, kowace da jijiyoyinta da suka fi gashi siranta. Ko da kowace ƙwaya ta tsira, idan ƙanƙara ta farfasa waɗannan hanyoyi, ranar da aka sake jini sai ya tsiyaye. Ga kuma matsalar kauri. Mahauci ya san cinyar sa a firiza: baya ya yi tauri kamar dutse, ciki da saura. Wato waje da ciki ba sa yin sanyi tare, ba sa narkewa tare, kuma wannan bambanci shi ke tsaga kofin gilashi idan aka zuba masa tafasasshen shayi. Maganin kariyar kansa, wato irin su gilisarin da DMSO, idan ya yi yawa ko ya daɗe a tsoka mai ɗumi, guba ne.

Hanyar alewa

Tunda ƙanƙara ce abokiyar gaba, sai wasu suka ce a nemi yadda ruwa zai sandare ba tare da ya zama ƙanƙara ba. Mai dafa alewa ya san wannan. Idan ruwan sukari ya yi kauri sosai aka juye shi ya huce da wuri, yakan sandare ya yi garau kamar gilashi, babu ƙwayar sukari ko ɗaya a ciki. Haka ake so ƙoda ta yi: a ɗura mata maganin kariya mai kauri ta jijiyoyinta, a sauke ta zuwa wajen digiri 130 ƙasa da sifili, ruwanta ya zama gilashi. Da wannan dabara ake ajiye ƙwan mata da 'yan tayi a asibitocin haihuwa a yau.

Greg Fahy, wanda ya fara tallata hanyar don manyan sassan jiki a 1984, ya kai ga mayar da ƙodar zomo gilashi, ya narkar, ya dasa wa zomon, ya cire ɗayar. Zomon ya rayu kwana 48 da ita kafin a yanka shi don dubawa. Zomo ɗaya ne tak, kuma aka yi shekaru ba a maimaita ba. Cikas ɗin a wurin narkarwa yake. A hanyar dawowa daga sanyi, idan aka yi jinkiri, ƙanƙarar da aka guje wa a tafiya sai ta fito a komowa. Idan aka ɗumama da sauri daga waje, ƙodar ta tsage.

A 2023 ayarin John Bischof da Erik Finger na Jami'ar Minnesota suka fito da mafita. Tare da maganin kariyar, sai suka ɗura wa ƙodar ɓera garin tsatsar ƙarfe mai laushin da ido ba ya gani, ya bi jijiyoyi ya shiga kowane lungu. Suka ajiye ƙodojin, wasu har kwana 100. Da za a narkar, aka sa su cikin wani zobe mai ƙarfin maganaɗisu da ke juyawa da sauri, kowane ɗigon ƙarfe ya zama ɗan murhu, ƙodar ta ɗumama ciki da waje a lokaci guda. Aka wanke ƙarfen da maganin, aka dasa wa ɓeraye biyar da aka cire musu nasu. Ƙodojin sun ɗauki makonni kafin su murmure, amma sun murmure, kuma duka biyar ɗin sun rayu.

Hanyar ruwan da bai farga ba

Akwai wata hanyar mai ƙaramin buri. Masu sayar da ruwan sanyi sukan ga wani abu: a fito da gora daga firiza ruwa na kai-kawo a ciki, da an buga ta a tebur sai ta daskare nan take daga sama har ƙasa. Ruwan ya riga ya wuce sifili, abin da zai tayar da ƙanƙarar ne bai samu ba. Idan aka hana girgiza, aka fitar da duk iska, aka sa ɗan magani, ana iya riƙe tsoka a wannan hali.

Masu bincike a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston sun yi haka da hantar ɓera a 2014, a digiri 6 ƙasa da sifili, kuma duk ɓerayen da aka dasa wa hantar kwana uku sun rayu. A 2019 suka ƙara wa hantar mutum awa 27 na ajiya ta hanyar riƙe ta a digiri 4 ƙasa da sifili, ta farfaɗo a kan na'ura, ko da yake ba a dasa wa kowa ba. Ɗaya daga cikin magungunan da suka yi amfani da su dangin sukari ne, dabarar da aka koya daga wani kwaɗon dajin Alaska da ke cika jikinsa da sukari, ya daskare har zuciyarsa ta tsaya, bazara ta zo ya tashi ya yi tsalle. Masuntan Shiroro da Kainji ba za su yi mamaki ba, don sun san gaiwa, mai shigewa cikin laka ta rage numfashi ta jira damina.

Kwana biyu ko uku ba rumbu ba ne, amma ga ƙasa irin tamu wannan hanya ce ta fi kusa da amfani. Tana mayar da aikin gaggawa na tsakar dare ya zama aikin da aka shirya, kuma kwana uku sun isa kai hanta daga kowane gari zuwa kowane gari a Najeriya.

Sai dai mai karatu ya riƙe wannan da kyau: har zuwa rubuta wannan littafi, ba a taɓa mayar da ƙodar mutum ko zuciyarsa gilashi, aka narkar, aka dasa wa majiyyaci ta yi aiki ba. Ƙodar ɓera ba ta fi ƙwayar wake girma da yawa ba, ta mutum ta ninka ta fiye da sau ɗari. Duk wanda ya zo wa dangin majiyyaci da labarin ƙoda ajiyayya a firiza da za a saya, maƙaryaci ne, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jikin mutum.

Ina Minna a wannan tafiya?

Idan rumbun ya tabbata, mutanen nesa da manyan asibitoci ne za su fi cin moriyarsa. Za a sami lokacin gwada jini a tsanake a zaɓi wanda ƙodar ta fi dacewa da shi, lokacin binciken cututtuka, lokacin da majiyyaci daga Kontagora ko Bida zai haɗa kayansa ya iso.

Wani ɓangaren shirin kuma ba sai an jira Amurka ba. Naitirojin kashi 78 ne cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, injin da ke matse shi ya zama ruwa lantarki kawai yake ci. Jihar da ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso da Gidan Kwano, bai kamata a ce tana sayo wannan ruwa daga nesa ba. Injin guda zai yi wa makiyayi aiki a yau, ya yi wa ɗakin binciken jami'a, gobe ya yi wa ma'ajiyar jinin cibiya don masu sikila. Hannun da ya saba da tukunyar maniyyin shanu shi ne zai iya riƙe ta ɓargo.

Amma rumbu sai da abin zubawa. Ɗan uwa mai rai ba ya bukatar firiza, don yana iya jira da ƙodarsa a jikinsa har ranar aiki. Ajiya tana da amfani ne ga sassan jikin wanda ya rasu, kuma a ƙasar nan ba a saba da ɗaukar su ba. Musulmi kan binne mamacinsa kafin rana ta faɗi, yana kuma ganin alfarmar gawa kamar ta mai rai. A 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda kan wannan mas'ala, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci bisa sharuɗɗa, ciki har da izininsa kafin ya rasu ko na magadansa. Waɗannan sharuɗɗa, da yadda likita ke tabbatar da mutuwa alhali na'ura na busa wa huhu iska, su ne babi na gaba zai ɗauka.